Bakaniken da ke saurare da haƙori

Shekara talatin da ɗaya Mai Rodi ya yi yana gyaran injin tirela a garejin wani kamfanin sufuri, har ƙarar dizal ta cinye masa kunne. A gida sai matarsa ta taɓa kafaɗarsa kafin ya san da shi ake.

Wata safiya sabon manaja ya kira shi ofis, ya ɗaga murya kamar mai kiran wanda ke tsallaken titi.

"Baba, aikin nan na masu ji ne. Za mu mayar da kai gadin ƙofa, ka huta."

"Kunnena ne ya mutu, ranka ya daɗe, ba ni ba. Wa ya ce maka na gaji?"

Ya fito ransa a ɓace, ya tarar an kewaye wata tirela da injinta ke bugawa kamar ana dukan ƙarfe da guduma. Injiniyan kamfanin ya riga ya yanke hukunci: karanshaf ne, babban sandan ƙarfen da ke juyawa a ciki, a sauke inji.

"Kada wanda ya taɓa," in ji Mai Rodi.

Ya ɗauko guntun rodin da ya ba shi sunansa, ya dafa kan rodin ɗaya a jikin injin, ya ciji ɗaya kan da turamen haƙoransa. Bugun ya hau ƙarfen ya shiga ƙashin kansa. Ya yi ta matsar da rodin daga silinda zuwa silinda, sannan ya sa sifana yana sassauta bututun mai ɗaya bayan ɗaya. A na huɗu bugun ya ɗauke.

"Nozul ne ke tsiyayar mai. Ku canza shi, ku bar karanshaf ya sarara."

Aka canza, inji ya koma daidai. Amma manajan ya ce an riga an sa hannu a takardar mayar da shi gadi.

"To, ka ba wani ƙofar. Ni ban koyi buɗe ƙofa ba."

Ya kwashe kayan aikinsa, ya kafa rumfar kwano daidai tsallaken kamfanin, ya sa allo mai manyan haruffa. Matarsa ta ce ko nesa kaɗan ya matsa, saboda idon mutane.

"Ai don su gani na yi, uwargida."

Yanzu direbobin kamfanin kan tsaya wurinsa kafin su shiga ciki, ya gaya musu abin da ke damun motar, su je su maimaita wa injiniya kamar su suka gano. Haƙori biyu ya rasa a bana. Likita ya hana shi cizon rodi, sai ya koma ɗaya gefen bakin.