Na Shida a Cikin "Da Wasu"

In ka bi ta bayan ofishin rajistara a ginin kotun, ka sauka matakala bakwai, za ka tarar da wani ɗaki mai taga ɗaya da fanka mai ƙara kamar injin niƙa. Nan ake ajiye fayil-fayil na shari'un da aka gama, kuma nan Gwaggon Fayil ta yi shekara talatin da ɗaya. Ba gwaggon kowa ba ce a wurin, amma daga masinja har manyan lauyoyi haka suke kiranta.

Gajeruwa ce, tabarau ɗinta ɗaure da zare, kuma ba ta da wasa a kan takarda. In ka lashi yatsa za ka buɗe shafi, ta ƙwace fayil ɗin ke nan, ko kai wane ne. Mijinta, mai gyaran agogo, yakan ce a gidansu shi kaɗai ne ba a ɗaure da jan zare an sa masa lamba ba, shi ma don yana yawan motsi ne. Ita kuma takan ce ya kwantar da hankalinsa, layi ne bai zo kansa ba tukuna.

Da aka kawo kwamfuta sama, shari'un shekara goma kawai aka shigar, sauran aka bar wa Gwaggo da gwiwoyinta. Abin haushin shi ne, 'yan sanda sun shigar da sunan duk wanda suka taɓa kamawa tun zamanin da. Kamu yana fitowa da latsawa ɗaya, saki kuwa yana nan ƙasa cikin ƙura.

Wata Laraba da hantsi wani mutum ya sauko, dogo, furfura ta fara keto masa, yana murza hularsa a hannu. Direba ne. Wata makarantar yara ta ɗauke shi tuƙin bas, aikin da ya daɗe yana nema, sai binciken 'yan sanda ya nuna an taɓa kama shi shekaru da yawa baya, ba tare da bayanin yadda aka ƙare ba. Shugabar makarantar ta ce ba za ta danƙa masa yaran mutane ba sai ta ga takardar kotu, kuma ranar Juma'a za ta ba wani motar.

"Lambar shari'a?" in ji Gwaggo.

"Ba ni da ita, Gwaggo."

"Wace shekara?"

"An yi ashirin da wani abu. Wallahi ƙoƙarin mantawa na yi ta yi."

Ta karɓi sunansa, ta sauko da manyan rajistoci na shekara biyar, ta bi su da rula layi-layi har azahar. Babu shi. Mutumin ya ce yaran ofishin sama ma haka suka gaya masa, ya fara haramar tashi.

"Zauna, Malam direba. Kai kaɗai aka kama?"

"A'a, mu tara ne. Faɗa aka yi a tasha aka fasa wani kanti, sai aka kwashe duk wanda ke tsaye. Ni mota nake wankewa."

Gwaggo ta yi tsaki, ba da shi take ba. Ta san wannan cuta kamar yunwar cikinta. In an gurfanar da mutane da yawa tare, sunan na farko kawai ake rubutawa a rajista, sai a ƙara "da wasu mutum takwas". Duk wanda ya faɗa cikin "da wasu" ya ɓata, sai in ya tuna sunan na farkon. Direba kuwa bai san shi ba, a motar 'yan sanda ya fara ganinsa.

A nan ne wani ma'aikacin zai ce Allah ya ba da haƙuri. Gwaggo kuwa gyara zama ta yi, domin tana da tata hanyar gano shekara, wadda ba a koyar da ita a ko'ina.

"Bar batun suna. Alƙalin namiji ne ko mace?"

"Mace ce."

"Mun yi alƙalai mata huɗu. Me ka gani a jikinta?"

Ya yi 'yar dariyar kunya. "Kaina a sunkuye yake, ƙafafunta kawai na gani. Ta cire takalmi a ƙarƙashin tebur."

"Allah ya jiƙanta, ciwon ƙafa gare ta. Shekara uku ta yi mana. A wane ɗaki?"

"Ba a ɗaki ba ne ma. A baranda aka zauna, an jera benci."

Gwaggo ta tafa hannu sau ɗaya. Wata biyu kacal aka taɓa yin shari'a a baranda, lokacin da ake sake rufin kotu ta biyu. Tana tune da shi sarai, domin a lokacin tana da cikin autarta, kuma ita ke hawa da fayil-fayil tana haki. Autar yanzu shekararta ashirin da biyu.

Sai dai fayil-fayil na watannin nan suna can saman kanta ta ƙarshe, dab da silin, kuma doka ta hana baƙo taɓa su. Ta ce ya dawo gobe. Ya tafi yana waiwaye, ita kuma ta jawo tsani. Likita ya hana ta hawa tsani tun bara, mijinta ma ya sa ta yi alkawari. Ta hau dai, tana yi wa gwiwoyinta faɗa kamar yaran gida. Ƙunshi goma sha ɗaya ta sauke kafin a tashi, ta kwance duk wanda aka rubuta "da wasu" a bayansa. Da ta koma gida tana ɗingishi, mai gyaran agogo ya dube ta ta saman tabarau.

"Kin hau."

"Kantar ce ta ƙi saukowa."

Ya tashi ya dafa mata ruwan gashi.

Ranar Alhamis direba ya riga mai shara zuwa. Gwaggo ta zaunar da shi, ta sauko da wasu ƙunshin, ta ci gaba da kwance zare. A ƙunshi na goma sha huɗu ta ci karo da wani siririn fayil mai tabon ruwa a gefe. Wane da wasu mutum takwas. Ta buɗe takardar tuhuma, ta sa rula. Ga shi nan, na shida.

Ta juya zuwa shafin ƙarshe, ta karanta masa rubutun marigayiyar a hankali. Mai gabatar da ƙara bai kawo shaida ko ɗaya a kan na biyu zuwa na tara ba. Kotu ba ta same su da laifi ba, ta sallame su, ta wanke su.

Direba bai motsa ba.

"Gwaggo, sake karantawa."

Ta sake.

"Wanke mu aka yi?" in ji shi. "Ni abin da na ji kawai, wani ɗan sanda ya ce ku tafi, kada a sake ganinku. Na ɗauka alfarma aka yi mana, maganar tana nan, duk ranar da aka ga dama a neme mu. Ko titin nan ba na bi da mota, zagayawa nake yi. Matata ma sai shekaranjiya na gaya mata."

Tausayinsa ya kama Gwaggo. Ta cire tabarau tana gogewa, ta ce fankar nan ce ke watsa wa mutane ƙura a ido. Sannan ta ɗauki fayil ɗin da kanta ta hau matakala, ta tsaya a kan rajistara, saurayin da bai kai ɗanta na fari ba, har ya sa hannu a kan kwafin ya buga hatimi. Ya so ya ce a dawo Litinin, ya dubi fuskarta ya fasa.

Direba ya karɓi takardar da hannu biyu, ya ƙi ninke ta. Ya yi godiya har ta gaji ta ce ya wuce makarantar tun shugabar ba ta tashi ba. Ya kai bakin ƙofa sai ya juyo.

"Gwaggo, sauran bakwai ɗin fa? Sun sani?"

Gwaggo ta dubi fayil ɗin. Shekara talatin da ɗaya tana jiran mutane su sauko su tambaya, ba ta taɓa tunanin waɗanda tsoro ya hana su saukowa ba. Bayan ya tafi ta daɗe a zaune, fayil ɗin a buɗe a gabanta. Kowane suna akwai adireshi a gefensa, tsoho ne, watakila rabi sun tashi, watakila wasu sun rasu. Ta jawo aljihun tebur, ta ƙirgo ambulan bakwai, ta fara da na biyu.