Ɗakin Hajjo Mai Yaye

Duk Kafur, in ka ce Hajjo mai yaye, ko akuya za ta nuna maka gidan. Rabin samarin da ke kurmanta mu da babur yanzu, a bayanta suka yi kukan rabuwa da nono. Uwa ta kawo ta dangwarar ta gudu, Hajjo ta ɗura wa yaro kunun gyaɗa, ta yi ta jijjiga har ya haƙura. Ga baki kamar reza, amma yaro bai taɓa ƙin ta ba.

Ɗa ɗaya Allah Ya bar mata, Kamalu, wanda ba ta kama sunansa sai dai "yaron nan". Taki yake sayarwa a Funtua. Can ya auri Zakiyya, suka haifi Talha. Tun ranar suna Hajjo ke ɗokin a kawo mata angonta yaye, ta ga nata jinin a kan gadon da ya raini 'ya'yan mutane.

Da lokaci ya matso, Zakiyya ta zo gaisuwa ta leƙa ɗakin. Buhunan masara har rufi, kowanne da ƙwayar kashe ƙwari a ciki, wari na hawa kai. Jarkar maganin feshi a ƙarƙashin gado. Ga jeren kwanukan auren Hajjo, tsibi kan tsibi, bisa kabad ɗin da dutse ke tallafe wa ƙafa.

"Inna," in ji Zakiyya, kanta a ƙasa, "Talha fa komai ya gani baki yake kaiwa."

"Ubansa ma haka ya yi, ga shi nan da tumbi."

Zakiyya ta yi murmushi, ta goya ɗanta ta tafi. Ba a ƙara tayar da zancen yaye ba.

Hajjo ta yi kwanaki tana sababi, wai 'yan boko sun mai da yaro ƙwai. Amma in ta dama kunu sai ta zauna ta zuba wa ƙofa ido har ya huce. Rannan Hansai maƙwabciyarta ta same ta tana rarrafe a tsakar ɗaki, gwiwoyi na ƙara kamar tsohon ƙyaure.

"Yaya Hajjo, ƙuruciya ce ta dawo?"

"Ɗakin nake dubawa da idon angona. Matsa, kin tare min haske da wannan ƙugun naki."

A rarrafen nan ta tsinci allura, da mataccen batir, da ramin kunama a bayan randa. Ta sa aka liƙe ramin da siminti. Masara ta koma zaure, jarka ta koma gona. Ta sauke katifa ƙasa, kada ango ya mirgino, ta ɗaura gidan sauro. Jeren ne ya fi ci mata rai. Ɗaya bayan ɗaya ta goge kwanukan da gefen zaninta, ta kulle su a akwati, ba ta kula kowa ba ranar.

Sannan ta aika wa "yaron nan" can Funtua cewa ɗaki ya zama fili kamar masallaci.

Suka zo ranar Juma'a. Ashe har an yaye Talha a Funtua, a hankali, ba tare da ita ba. Hajjo ta haɗiye wannan da yawu. Yaron ya yi mata ƙyuya, sannan ya zagaye ɗakin yana taɓe-taɓe, bai samu abin kaiwa baki ba sai ludayinta. Bayan azahar barci ya kwashe shi a katifar. Ta zauna a bakin ƙofa da mafici, ko kaza ba ta isa ta yi kuka ba.

Da la'asar Kamalu ya tayar da mota. Zakiyya ta ɗauki yaron yana barci, ta ƙare wa ɗakin kallo, ta ce, "In an yi Sallah zan kawo miki shi ya kwana biyu, Inna."

"Allah Ya kai mu. Ki haɗo da sadakina."

Bayan sun tafi Hansai ta ga ango ya tsula fitsari a katifar, ta kama za ta fitar shanya.

"Bar shi," in ji Hajjo, ta shimfiɗa tabarma a gefe. "Gobe ma rana ce."