Tsarin Mulki Cikin Jar Fata

A duk danginmu ni kaɗai na yi lekwal, wato makarantar boko, saboda haka duk takardar da ta shigo gida da Faransanci a kaina take ƙarewa. Da aka sami 'yancin kai ina buga tafireta a wani kanti a Parakou, yayana kuwa yana Djougou yana fataucin goro kamar kakanninmu. Wata rana ya zo ɗakina a unguwar Kpébié, ya tarar da ɗan littafin tsarin mulki a kan tebur, ya ce in fassara masa. Na karanta masa inda aka ce ba a tsare mutum ko kayansa sai da dalilin doka. Ya sa na maimaita har sau uku.

"To, wannan ai ba abin ajiyewa a tebur ba ne," in ji shi.

Ya kai wa baduku, aka nannaɗe, aka ɗinke cikin jar fata, aka sa igiya. Na ce, "Yaya, karanta shi fa ake yi." Ya ce ai na riga na karanta, kuma shi bai taɓa ganin wanda ya farke laya don ya ga ko tana aiki ba.

Sai dai ƙasarmu ba ta iya zama da kundi ɗaya ba. Kafin ka saba da wannan, rediyo ta saki kiɗan soja, an rushe shi, an tara masu ilimi su rubuta wani. Duk wanda ya fito sai Yaya ya aiko in nemo masa, baduku ya ɗinke. Tsofaffin ma bai yar ba, don ba a zubar da rubutu a bola. Har suka zama uku a wuyansa, in ya yi ruku'u kana jin suna karo. Ni kam tuni na daina wahalar da idona. Na ukun ko buɗewa ban yi ba, wani direba na ba wa, ya kai masa.

Wata shekara na je Djougou suna, muka dawo tare da Yaya a kamiyo, babbar motar da ta ɗauko huhunan goronsa, duk jarinsa ke nan. Kusa da Partago muka tarar sojoji sun gindaya ganguna a hanya. Rana ta take, goro kuwa in ya wuni a rana ba a yayyafa masa ruwa ba, ya yanƙwane, ko kyauta ba mai karɓa.

Sajensu ya zo da Hausarsa ta bariki. "Ba kamiyo mai wucewa yau. An faɗa a rajiyo, an dakatar da konstitisiyon."

"Wanne?" in ji Yaya, da ya gane tsarin mulki ake nufi.

"Wanne me?"

"Wanne aka dakatar? Ni uku gare ni."

Ya zaro su daga wuyan riga. Saje ya kira kofur, kofur ya ce rediyo ba ta faɗi wanne ba. Yaya ya yi musu bayani a tsanake: in sabon ne, to na bayansa ya dawo aiki, kamar yadda na'ibi yake jan salla in liman ba ya nan. Yana magana yana waiwayena. Ni kuwa na ga bindiga, na kafa ido a ƙasa, don gaskiya tsoro nake ji.

Saje ya ce a kawo a farke a gani. Ya zaro wuƙa, ya ɗora a kan ɗinkin, sai ya tsaya. A lokacin na lura shi ma akwai kambu a damtsensa.

"Wane malam ya rubuta?"

"Malamai ne da yawa, a Porto-Novo suka taru."

"In an farke, me yake faruwa?"

"Wallahi ban sani ba. Amma duk wanda ya taɓa shi, ban ga ya daɗe a kujerarsa ba."

Saje ya mayar da wuƙa kube. Ya sa aka janye ganguna, sannan ya ja Yaya gefe ya roƙi ɗaya, wai aikin nasu akwai haɗari. Yaya ya ba shi na farkon, shi kuma ya rataya a ƙarƙashin kaki.

Da mota ta yi nisa dariya ta ƙwace mini. Na ce, "Yaya, fatar ya ji wa tsoro, ba rubutun ba."

Bai yi dariya ba. Yana zaune kan huhu yana yayyafa ruwa da hannu.

"Na sani, ai ni ba wawa ba ne," in ji shi. "Jira nake ka buɗe baki ka faɗa masa abin da ke ciki, kai da ka san shi. Da na ga ka sunkuya, sai na yi da abin da nake da shi."

Kunya ta rufe ni. Tun daga ranar Yaya bai sake aiko mini in nemo masa na huɗu ba.