Ranar da Mahaifiyata Ta Kai Jabana Ƙofar Ofis

Shekarun baya, lokacin da mahaifiyata ke sayar da shayi da gahawa a bakin kasuwar hatsi ta Gadarif, wani jami'in da ke kula da kasuwa ya ba da umarnin a kori mata masu shayi daga wurin. Aka kwashe musu kujeru da butoci. A nan leburorin gonakin dawa da riɗi suke karyawa kafin motocin da ke zuwa gonakin Gedambaliya su ɗebe su, kuma da murhun mahaifiyata aka ciyar da mu.

Ni kuwa a lokacin bakina ba ya hutawa da maganar dustur, wato tsarin mulki. Na ce mata ai ya ba kowa 'yancin taruwa ya faɗi kokensa. Ta dube ni ta ce, "Dustur ɗin naka, a tsaye ya ce a taru ko a zaune?" Na ce bai fayyace ba. Ta ce, "To halas, shi ke nan, mu a zaune muka iya. Ɗauko gawayi."

Da hantsi matan suka yi shimfiɗa a ƙarƙashin bishiyar da ke gaban ofishin jami'in. Ba ihu, ba kwali. Suka hura wuta, suka soya bun, wato 'ya'yan gahawa, suka daka da citta, suka ɗora jabana, tukunyar gahawar nan ta ƙasa. Ni da na zo kare haƙƙin ɗan Adam, fifita wuta aka sa ni.

Wani ɗan sanda ya fito ya ce, "Ya Hajja, taro a nan mamnu'u ne, an hana. Ku tashi."

Na miƙe na ce dustur ya yarda da taron lumana. Ya harare ni. Kafin ya yi magana mahaifiyata ta miƙa masa finjali. "Tafaddal, ya waladi. Bismillah, ɗana, na fari ne."

A garinmu ba a mayar da hannun dattijuwa da finjalin fari, kuma wanda ya sha na fari ba ya tashi sai an kai na uku. Ya karɓa, ya tsuguna. Ƙamshi ya shiga ta tagogi, ma'aikata suka fara leƙowa ɗaya bayan ɗaya. Can sai ga jami'in da kansa ya fito neman mutanensa, ya tarar da su a kan tabarma. Shi ma aka miƙa masa.

Tsakanin finjali na fari da na uku babu matar da ba ta yi magana ba, wata da Larabci, wata da Hausa ina fassarawa. Jami'in ya saurara, tunda ba halin tashi, daga ƙarshe ya janye umarnin, aka mayar mana da kayanmu. Kafin la'asar muka koma kasuwa da kujerunmu a ka, mata suna guɗa. Na yi alfahari da ita har sai da na yi hawaye, na ɗora wa hayaƙi laifi.

Abin da na koya shi ne, dustur ya ba mu dama, amma sai da wasu suka je suka zauna sannan damar ta zama tamu. Yanzu ƙafa ta hana mahaifiyata fita, ƙanwata ce a kan kujerar. Wurin yana nan inda yake, kuma ba wanda ya sake cewa a tashi.