Sunan Baba Garba a Takardar Rijiyoyi

Shekara ashirin da biyu Baba Garba ya yi a unguwar Mansur da ke Makka yana wanke tankunan ruwa na saman gidaje. Hajji ya kawo shi daga ƙauyenmu, Tungar Marke, bai koma ba, iƙama kuwa, takardar izinin zama, bai taɓa riƙewa ba. Na taɓa bin sa yini guda: tanki shida, hawa goma sha tara, duk da ƙafa, don ba ya shiga lif. Wai abin da zai rufe ka ya buɗe inda ya ga dama ba wurin shiga ba ne.

Bara aka aiko daga gida cewa wani kamfani yana auna filin da ke gabas da rijiyoyin gari guda uku. An ce iskar gas suke nema, irin haƙar da ake ɗura ruwa da sinadari cikin ƙasa har dutse ya tsage. Mutanen gari suka rubuta takardar ƙin yarda, suka ce na waje ma su sa hannu. Ni da aka haifa a nan, takarduna a cike, na ɗauki nauyin Makka. Cikin kwana tara na haɗa suna arba'in da biyu.

Baba Garba na bari ƙarshe. Na same shi wurin mai shayi bayan la'asar.

"Wa ya aiko ka, ɗan Makka?"

"Kwamitin gari, Baba. Mukhtaru ne shugaba."

"Ɗan Hassan? Ubansa ya taɓa sayar wa babana jaki mai ido ɗaya. Takardar nan in ta bar hannunka, ofis nawa za ta kwana?"

Ban sani ba, na gaya masa haka. Batun ruwan ne kawai bai yi musu ba.

"Tanki in ya ɓaci ina shiga in goge. Ƙarƙashin ƙasa fa, wa zai shiga da buroshi?"

Ya karɓi biro ya rubuta Idris Maman. Marar iƙama a nan ba ya sa sunan yanka a takarda, ko ta haya ce ko ta magani. Mun saba har ba ma ganinsa.

Bayan mako uku Mukhtaru ya kira ni, ransa a ɓace. Lauyan kamfanin ya karanta jerin Makka a gaban hakimi, suna talatin da ɗaya babu wanda ya san su a gari. Ya ce tunda haka ne, takardar duka ƙirƙira ce, har hannu ɗari huɗu na mutanen gida. Hakimi ya ba da zuwa Juma'a: kowa ya aiko bidiyo da fuskarsa, da sunansa da na ubansa.

Na sake zagayawa. Ashirin da shida suka ƙi, huɗu suka kashe waya. Ban ga laifinsu ba, bidiyo in ya yi yawo kowa ya san inda yake iya kai mutum.

Baba Garba ya daɗe yana kallona.

"Da ma abin da ake so ke nan, mu fito da fuska. Wa ya ba lauyan jerin? Kai ma, ɗana, ban gama sanin ka ba."

"Kada ka yi, Baba. Halas, a bar shi haka."

"Rijiyar masallaci na ciki?"

"Ita ce mafi kusa da filin."

Ya gyara hula, ya ce in ɗaga wayar. "Ni ne Garba ɗan Muttaka, na Unguwar Yamma. Ni na rubuta Idris Maman, tsoro ya sa. Ban yarda a taɓa ƙasar nan ba." Daƙiƙa goma sha huɗu. Ina turawa ya zare layin wayarsa ya karya.

Hakimi ya karɓi suna goma sha biyu daga Makka, ya ce takarda ba ta faɗi ba, za a ci gaba da zama. Kafin labarin ya iso, Baba Garba ya kwashe kayansa daga ɗakin da ya shekara goma sha ɗaya a ciki. Na tambayi mutum takwas inda ya koma. Uku sun ce unguwar Shisha, biyu sun ce Jidda, sauran suka tambaye ni wa ke nemansa.