Malam Maikano da Taswirar Taurari

Duk wanda ya zauna a Tiga ya san Malam Maikano, dogon tsohon nan mai gyaran injin ban-ruwa kusa da masu sayar da kifi, wanda ba ya ɗaga murya ko da inji ya ƙi tashi. Asalinsa mutumin Kiru ne. Ya zo Tiga yana saurayi, ya sami aikin tuƙa ma'aikatan ruwa, ya auri Saude, zama ya kama shi ke nan.

A zamanin tuƙin ne wani injiniya ɗan ƙasar waje ya koya masa wani wasa, da zai koma gida kuma ya bar masa shi a kwalinsa. Baƙar takarda ce mai faɗi, in an shimfiɗa ta sai ta ci rabin tabarma. An zana mata gidaje masu kusurwa shida kamar saƙar zuma, ga taurari a warwatse. Sai 'yan gutsattsarin kwali, jajaye da shuɗaye, kowanne da hoton jirgin yaƙi na sararin samaniya da lambobi a gindinsa, da ƙwayar lido. Kowa ya jera rundunarsa, a yi ta kewaye juna har jiragen wani su ƙare. Ƙa'idojin suna cikin kan Maikano, inda ya manta kuma ya cike da dokar dara.

Abokin wasansa ɗaya ne, Buba, wani makiyayi da suka saba tun yana kawo shanu bakin dam. Da Buba ya tsufa ya koma wajen 'ya'yansa a ƙasar Doguwa, sai Maikano ya riƙa bin sa can duk bayan girbi, da kwalin a jaka.

Wata shekara aka yi ta fama da ɓarayin shanu a yankin, 'yan sa kai suka kafa shinge a kan hanya. Suka tsayar da motar da Maikano ke ciki, suka shiga bincike. Wani ya zaro takardar daga jakarsa, ya warware, jirage suka zube ƙasa.

"Baba, taswirar ina ce wannan?"

"Wasa ne, ɗana."

"Wasa da hoton makamai? Wa za ka kai wa a daji?"

Suka sauke shi, suka ce mota ta wuce. Maikano ya bi ta da kallo a tsorace, don ya sha jin yadda ake ƙarewa da wanda aka zarga da kai wa ɓarayi rahoto. Mutane suka fara taruwa. Ya tuna ko wayarsa bai ɗauko ba, Saude ba za ta san inda ya shiga ba.

Can sai ga shugaban 'yan sa kan, wani mai suna Dikko. Ya durƙusa ya gaida tsohon, sannan ya ce, "Baba, nuna min dajinmu a jikin takardar nan."

"Babu daji. Babu gari, babu kogi. Duk sama ce."

"To waɗannan fa?"

"Jirage ne, tsakanin taurari suke faɗa. Ko ni ban taɓa ganin irinsu ba."

Dikko ya juya takardar. Duk lanƙwasarta ta sha salatif, wani a kan wani, har ya yi ja. Ya ɗauki jirgi ɗaya, ya ga gefensa ya suɗe don yawan taɓawa. Ya tambaye shi wajen wa za shi, Maikano ya faɗa. Aka yi sa'a wani a cikin taron yana da lambar ɗan Buba. Dikko ya kira, ya buɗe murya kowa na ji, ya ce a ba shi tsohon.

"Baffa, ka san wani Maikano na Tiga?"

"Ya iso? Ya taho da jiragen?" in ji Buba. "Ka gaya masa bana shuɗayen nawa ne. Bara rinto ya yi min, ya tsallake gida guda yana zaton ban gani ba."

Wani ya fara dariya, sauran suka kama. Maikano ya so ya kare kansa a kan maganar rinton, amma sai ya fasa, ya zauna daɓas a kan benci yana hamdala. Dikko ya ba shi haƙuri, ya sa aka tsince jiragen kakaf, aka kaɗe musu ƙasa, ya goya shi a babur har ƙofar gidan Buba.

Ranar ba su yi wasa ba. Maikano ya sha fura, ya yi sallar la'asar, barci ya kwashe shi a inuwar rumbu. Washegari Buba ya ɗauki shuɗaye ya cinye shi sau biyu, Maikano bai ko yi gardama ba.

Da ya dawo Tiga ya ba Saude labari. Sai ta ce in dai zai sake tafiya, to ƙafarta ƙafarsa. Tun daga lokacin tare suke zuwa, ita ce mai riƙe jakar, tana dawowa da man shanu daga wajen matar Buba.