Adireshin da Na Ara wa Baba

Tsohon ya fi shekara talatin yana aikin lambu a gidan da ke kallon namu a Nassarawa GRA. Baba muke ce masa, mu da yaranmu. Da maigidan ya rasu, magada suka sayar, wanda ya saya ya rushe komai har da ɗan ɗakin baya da Baba yake kwana. Matarsa ta daɗe da rasuwa, bai taɓa haihuwa ba, ƙauyensu kuwa ya ce duk wanda ya san shi ya riga shi tafiya. Sai ya kwashi tabarmarsa da butarsa ya koma wani kango a ƙarshen layinmu.

Ana cikin damina na ji a rediyo gwamnati za ta yi rajistar masu ƙaramin ƙarfi, za a riƙa ba su tallafi, har ana maganar gidaje. Na ɗauke shi a mota muka je wata firamare a Giginyu inda ake rubutawa. Tun hantsi muke layi har azahar ta wuce. Da aka zo kanmu, ma'aikaciyar ta tambaye shi adireshi.

"Kango ne, 'yata," in ji shi. "Ba shi da lamba."

Ta ce takardar ba ta karɓuwa sai da lambar gida da sunan titi. Ni ce na ce a rubuta namu. Ranar har daɗi na ji, ina ganin na yi dabara.

Masu tantancewa sun zo ina wajen aiki. Maigadinmu ya ce a bakin get suka tsaya, suka kalli katanga da motocin da ke rumfa, suka tambaya ko a nan mutumin yake zaune. Ya ce eh, yadda na umarce shi. Da sunaye suka fito babu na Baba. Sau uku ina komawa ofishin. A na ukun wani jami'i ya duba takarda ya ce mini cikin sanyin murya, "Hajiya, an rubuta mazaunin GRA ne, bai cancanta ba. Sai dai in an sake buɗewa."

Na same shi a kango yana ba wani dashen lemo ruwa a tsohon bokiti. Na faɗa masa gaskiya, na ce laifina ne.

"Haba Hajiya, ke da kika ara mini gida," ya ce. "Ba rabona ba ne."

Muna da ɗaki a baya da muka cika da tsofaffin kujeru. Ni da maigidana mun yi maganarsa, muka ce bari a gyara rufin tukuna. Kafin mu kira kafinta, mai kangon ya kawo leburori, Baba ya tashi babu sallama.

Na yi watanni ina cigiya. Wani mai kayan miya ne ya gaya mini a barandar wani masallaci a Hotoro ya rasu, jama'ar wurin suka yi masa sutura. Na je. Ladanin ya nuna mini inda yake kwanciya, gefen da ake ajiye takalma.